Bukin da Ban Mayar wa Luba Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da aka yi walimar Luba a Goronyo ba, ko da kuwa ina son mantawa, domin akwai mata cike da tsakar gida guda waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mini duk inda muka haɗu. Na tafi ne da niyyar neman alfarma cikin sirri. Na ƙare a tsaye, mayafina yana zamewa, ina yi wa tsofaffi bayanin da ban taɓa yarda na yi a gaban malaman jami'a ba.

Ni da Luba mun haɗu ne a makarantar kwana ta 'yan mata a Rabah. Ni daga Wurno, ita daga Goronyo, gadona a sama, nata a ƙasa. Iyayenmu mata sun san juna a ranakun ziyara, suna zaune a inuwa guda kowace da kwanon ɗiyarta, har suka ƙulla ƙawancen da ya fi namu ƙarfi. A lokacin ni ce ta gaba a aji. Luba tana bayana, kuma ni ce nake zana mata hoton zuciyar kwaɗo a littafinta saboda hannunta ba ya iya zane. (Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san cewa hassadata tana da tarihi, ba daga sama ta faɗo ba.)

Muka girma, muka karanci fanni ɗaya, muka sami aiki a sashe ɗaya na jami'a ɗaya. Fanninmu shi ne nazarin ƙwayoyin halittar gado, wato DNA, rubutun da ke cikin kowane abu mai rai wanda yake faɗin yadda zai kasance. Ni ina bin diddigin cutar da ke ƙona ganyen shinkafa a fadamun Wurno. Luba kuma tana bin abin da ke ruɓar da albasa bayan an zuba ta a rudu, rumbun karan da manoma ke adana ta a ciki.

A aikinmu, idan ka gama bincike sai ka rubuta maƙala, wata mujallar kimiyya ta buga. Daga nan sai jira. Duk masanin da ya yi amfani da abin da ka gano, ko a wace ƙasa yake, dole ya rubuta sunanka da sunan maƙalarka a ƙarshen tasa. Wannan shi muke kira ambato, kuma da shi ake gane ko aikinka ya amfani wani ko kuwa kai da editan mujallar kaɗai kuka karanta. Akwai shafin intanet da ke tara wa kowane masani ambatonsa, yana zana masa shi sanda-sanda, shekara bayan shekara, kuma kowa yana iya buɗe na kowa. (Wanda ya ƙirƙiro wannan shafi ko dai bai san zuciyar ɗan Adam ba, ko kuma ya san ta fiye da kima.)

Shekarun farko sandunanmu kusan tsayinsu ɗaya, muna zaune lafiya. Sai Luba ta fito da wata hanya mai sauƙi ta ciro DNA daga tsiro, da sinadarai masu araha waɗanda zafi ba ya lalata su. Duk wani ɗakin gwaji da ke fama da ɗaukewar wuta, a nan da wasu ƙasashe, ya rungumi hanyar. Sandunanta suka fara hawa kamar matakalar bene. Nawa suka ci gaba da zama a shimfiɗe kamar fadamar da nake bincike a kanta.

Na koma buɗe shafinta kowace safiya kafin in sha shayi, kafin ma in buɗe nawa. Na karanta kowace maƙala da ta buga, daga take har jerin sunayen ƙarshe, ina neman kuskure. Wata rana na ga inda aka juya lambar wani hoto, na yi kwanaki ina jin daɗi kamar an biya ni albashin wata biyu. A fili kuwa, idan muka haɗu a baranda, ni ce mai cewa, "Farfesa mai jiran gado," muna dariya.

To, sai ta zama farfesar da gaske, danginta suka sa ranar walima a Goronyo. Ni kuma ina nan a dakta.

Ga inda alfarmar ta shigo. Aikin Luba ya jawo mata tallafi, aka kawo mata na'urar karanta jerin DNA, aka sa mata sola a ɗakin gwajinta. Ni kuwa na shafe damina guda ina shiga taɓo a fadama ina tsinko ganyayen shinkafa masu cuta, na ciro abin da zan ciro, na jera a firizar da ke rayuwa da ikon Allah da kuma janaretan sashe. Duk lokacin da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, samfuran nan suna raguwa da inganci. Idan ba a karanta su ba kafin su lalace, wahalar damina ta tafi a banza, babu maƙala, babu ƙarin girma. Aika su waje ya fi ƙarfina. Na'urar Luba ce kaɗai mafita, layinta yana da tsawo, kuma ita ke cewa wane ne zai shiga. Ofishinta yana kallon nawa, amma bakina ya kasa buɗuwa. Sai na yi dabara: ranar walima tana cikin farin ciki, zan ja ta gefe in roƙe ta, ba za ta iya cewa a'a ba.

Na biya Wurno na ɗauki Inna, mahaifiyata. Na tarar ta riga ta tara kaya a ƙofar gida: buhun shinkafa, turamen atamfa, jeren kwanoni sababbi, da wani ƙullin da ban tambayi abin da ke ciki ba. Bukin Hajiya Kulu ne, mahaifiyar Luba. Ga wanda bai sani ba, buki shi ne gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta idan sha'ani ya same ta. Idan naki sha'anin ya zo, ita ma ta kawo miki, kuma ba daidai ake mayarwa ba, ƙarawa ake yi. Inna da Hajiya Kulu sun shekara da shekaru suna wannan kai-kawo, aure da suna da dawowa daga Makka, babu wadda ta taɓa rubutawa, babu wadda ta taɓa mantawa. A wurin matan garinmu, macen da ta karɓi buki ta ƙi mayarwa ta gama zubar da mutuncinta.

Muna wuce Marnona Inna ta dube ni ta ce, "Ke kuma yaushe za a kirawo mu taki walima?"

Na ce, "Ana kan hanya, Inna."

Ta ce, "Hanyar ga taku ta hi ta Goronyo tsawo."

Na ƙara gudu kaɗan.

Lokacin kwasar albasa ne, gari ya cika da jajayen buhuna a bakin hanya, ga zafin rana. A ƙofar gidan su Luba an kafa rumfa, maza suna zaune a kujeru, ana ta jawabai da lasifika. Mu muka wuce ciki. Tsakar gida cike da mata a kan tabarmi, ga fura da nono, ga masa, ga tuwon shinkafa ana ta rabawa. Inna ta miƙa bukinta, aka buɗe a gaban kowa kamar yadda aka saba, aka yaba, ta zauna kusa da Hajiya Kulu tana sheƙi. Luba tana waje, maza sun sa ta saka rigar farfesa ana ɗaukar hoto.

Muryar lasifika tana shigowa har inda muke. Wani daga jami'a yana karanta tarihin Luba, yana ta nanata cewa masana a ƙasashen duniya sun ambace ta, an ambaci aikinta, ambatonta ya zarce na kowa a sashenmu. (Wannan "kowa" ni ce. Akwai wasu, amma ni na ji ta a jikina.)

Sai Gwaggo Tumba, yayar mahaifin Luba, tsohuwa mai kaifin baki da ke zaune a kan kujera 'yar tsugunno saboda ciwon gwiwa, ta ajiye ludayinta ta ce, "Wai mi ake nuhi da ambaton ga? Tun ɗazu ambato, ambato. Ni na san ambaton Allah. Luba kuma ambaton mi ake yi mata?"

Hajiya Kulu ta nuna ni. "Ga mai rediyo nan, ita za ta hwaɗa muna."

Nakan shiga wani shirin manoma a gidan rediyo lokaci zuwa lokaci in yi bayanin cututtukan shuka da Hausa, kuma ina alfahari da cewa babu abin da ba zan iya fassara wa mutumin karkara ya gane ba. Na gyara zama. Na yi musu bayani tsaf, yadda na yi wa mai karatu a sama. Na ce idan malami a wata ƙasa ya ɗauki ilimin Luba ya yi aiki da shi, sai ya rubuta sunanta don a san inda ya samo.

Aka fara salati ƙasa-ƙasa. Wata ta ce, "Ashe sunan Luba ya tahi inda ƙahwarta ba ta taka ba." Wata ta ce duk ƙasar Sakkwato babu ɗiya kamarta. Hajiya Kulu ta share ido da gefen mayafi. Na waiwaya na ga Inna tana gyaɗa kai da ƙarfi, irin gyaɗawar da ban taɓa ganin ta yi a kan wani aiki nawa ba.

Da a nan na tsaya, da na ci tuwona na nemi alfarmata na koma gida. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Sai dai fa akwai yadda abin yake."

Na yi murmushi, na sassauta murya kamar mai faɗin wani sirrin sana'a. Na ce, "Kun san buki? To, kusan haka ne. Ki ambace ni a takardarki, in ambace ki a tawa. Wadda ta fi yawan ƙawaye ita ke fin yawan ambato. Ba lallai sai aikin mutum ya fi na kowa ba. Luba kuwa kun san ta da iya zama da jama'a."

Gaskiya ne akwai masu yin haka a cikinmu, kuma abin kunya ne idan aka gano. Amma na fi kowa sanin cewa Luba ba ta cikinsu. Na zaɓi misalin ne saboda na san zai shiga, kuma ya shiga. Ban taɓa yin bayanin da aka gane da sauri irin wannan ba.

Gwaggo Tumba ta tafa hannu. "To yanzu na gane. Ashe su ma masu boko buki suke yi, na takarda." Aka yi dariya, mata suka fara maimaita wa na bayansu. Na ji daɗi ƙwarai. Daɗin bai daɗe ba.

Gwaggo ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. "To ke da kuke tare tun Rabah, ai ke ce babbar mai kai mata. Sau nawa kin kai?"

A nan ya kamata in gaya wa mai karatu abin da na ɓoye masa. Hanyar nan da Luba ta fito da ita, da ita nake aiki. Ita ta koya mini da hannunta, a tsaye a bakin teburina. Amma duk maƙalar da na rubuta, idan na zo wurin faɗin hanyar da na bi, sai in nemo wata tsohuwar maƙala ta wasu mutanen nesa da ta ɗan yi kama da ita, in ambace su. Ban taɓa rubuta sunan Luba ba, ko sau ɗaya. Na kasa jure tunanin cewa da hannuna zan ƙara wa sandarta tsawo. Ita kuwa tana ambatona a kai a kai, har wani kaso mai kauri na ɗan abin da ke shafina daga wurinta ya fito. (Na ɗauki hakan a matsayin tausayi, abin da ya ƙara ba ni haushi.)

Na ce wa Gwaggo, "Ai fannoninmu sun ɗan bambanta. Ni shinkafa, ita albasa."

Ta ce, "Kulu gero take kai ma uwarki, uwarki ta kawo shinkahwa. Bai hana buki ba."

Ina neman abin cewa sai ga Luba ta shigo, rigar farfesa a kan leshinta, hular a hannu, gumi yana zubo mata. Aka rangaɗa guɗa. Ta durƙusa ta gaida tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta dafa kafaɗata tana cewa in ba ta ruwa kafin ta faɗi.

Hajiya Kulu, cikin jin daɗin sabon ilimin da ta samu, ta ce, "Ke Luba, kina dai kai ma ƙawarki nata ambaton ko? Kada ki ba mu kunya."

Luba ta sha ruwa ta ce, "Ita? Inna, ai ba a rubutu a kan cutar shuka a fadamun nan a tsallake ta. Kusan duk abin da na rubuta sai sunanta ya shiga."

Inna ta ɗago kai, fuskarta ta yi haske. Na so ƙasa ta tsaya da juyawa a daidai nan.

Gwaggo Tumba ta ce, "Madalla. Ita kuma ta mayar miki?"

Luba ta tsaya da kofin a hannu. Ta dube ni, ta dubi Gwaggo. Na ga lokacin da ta yanke shawarar rufa mini asiri. Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ai ba mayarwa ake yi ba. Ba buki ba ne. Mutum yana ambaton aikin da ya amfane shi ne kawai, ko bai san mai shi ba. Wa ya ce muku buki ne?"

Kawuna ne kawai suka juyo wajena, na gaba da na baya, har da wata da ke tuƙa tuwo a can gefe, muciya a hannu.

Wata baiwar Allah, don ta taimaka, ta ce, "Ta dai ce ba wai aikinki ya hi na kowa ba na, yawan ƙawaye na."

Luba ta ajiye kofin a hankali. Murmushin yana nan a fuskarta, amma babu kowa a bayansa.

Sai Inna ta kira sunana, cikakke, yadda ba ta kira shi tun ina yarinya. Ta ce, "Ni ban san takarda ba. Abu guda nike tambaya. Ɗiyar ga ta kai miki. Kin mayar ko ba ki mayar ba?"

Na iya kare maƙala a gaban masana masu neman kuskure. Na iya zagaye tambaya a rediyo har lokaci ya ƙare. Amma ban taɓa iya yi wa Inna ƙarya tana kallona ba. Na ce, "Ban mayar ba."

"Ko sau guda?"

"Ko sau guda."

Aka ja numfashi a tare. Gwaggo Tumba ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Ta ci buki, kuma ta zo gidan mai bukin tana rage ta."

Inna ta juya ga ƙawarta. "Kulu, ki gahwarce ni. Tun da munka haɗu ban taɓa cin naki ba, ban san ɗiyata na cin na ɗiyarki ba." Hajiya Kulu ta kama hannunta tana cewa ba komai, yara ne. (Yaran da ake magana, ɗaya farfesa ce, ɗaya kuma tana da ɗa a jami'a.)

Inna ba ta gama ba. Ta ce mini, "Na takarda tsakaninki da Allah, ki san yadda za ki yi da shi. Amma nan gaban mutane kinka rage ta, nan za ki cika ta. Tashi tsaye ki hwaɗa muna aikin Luba, na gaskiya."

Luba ta ce, "Inna, don Allah a bar shi."

Inna ta ce, "Ba da ke nike ba."

Na tashi. Na ce Luba ta yi ƙoƙari sosai, aikinta yana da amfani, Allah ya ƙara basira. Na fara neman wurin zama.

Gwaggo Tumba ta ce, "Wanga ai ko daidai bai kai ba, balle ƙari."

Sai na sake miƙewa, kuma ban san abin da ya kwance a cikina ba. Na ce kafin Luba, duk mai son ciro DNA a irin ɗakunan gwajinmu sai ya sayi sinadarai masu tsada da ke mutuwa idan wuta ta ɗauke, shi ya sa yawancinmu muke fara aiki mu bari. Na faɗi yadda ta yi ta gwaji tana faɗuwa, da yadda mujallar farko ta mayar mata da maƙalar, ta gyara ta aika wata. Na bi maƙalunta ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowace ta gano a kan ruɓewar albasa, da wadda ta rubuta tana da cikin autanta, da wadda ta fito ta ce ta yi kuskure a wani sakamako na baya ta gyara da kanta ba tare da wani ya kama ta ba. Na ce mutanen da ke ambatonta ba su san ko fara ce ko baƙa ba, ba su taɓa cin tuwon gidan nan ba, kuma babu abin da suke jira ta mayar musu. Na ce ni kaina da hanyarta nake aiki, ita ta koya mini, kuma sunan wasu nake rubutawa a gurbin nata.

Ban duba takarda ba, ban yi tuntuɓe ba. Shekarun da na yi ina karanta ta don neman aibu sun sa na haddace ta fiye da ɗalibanta.

Da na yi shiru, aka sake rangaɗa guɗa, wadda har yau ban san ko ta Luba ce ko ta faɗuwata ba. Gwaggo ta ɗauki ludayinta ta ce, "Yanzu an mayar." Luba kuwa kallona kawai take yi. Ta ce, "Ashe duk kin karanta su." Daga nan aka kira ta waje.

Maganar na'ura ba ta taso ba. Da wane baki? Da magariba na sauke Inna a Wurno. Tana fita ta leƙo ta taga ta ce, "Da kin hwaɗa mani ciwon da ke cikinki, da tun gida munka yi maganinshi."

Na yi kwanaki ina zagayawa ta bayan gini don kada in bi ta ƙofar ofishin Luba. Sai janaretan sashe ya lalace, na buɗe firiza da rana na ga ƙanƙarar gefe ta fara zama ruwa. Na rufe, na tsallaka baranda, na ƙwanƙwasa.

Tana zaune tana duba aikin ɗalibi. Ba ta ce in zauna ba, ni ma ban zauna ba. Na ba ta haƙuri, na faɗi abin da ke tafe da ni, duka a numfashi ɗaya, don na san idan na raba su ɗayan ba zai fito ba.

Ta cire tabarau ta ce, "Rashin ambaton na daɗe da sani. Duk maƙalarki ina karantawa, in ga kin tsallake ni kin tafi wata nahiya neman abin da na koya miki a teburinki. Dariya nake yi. Na ce wata rana za ki gaji." Ta ture aikin ɗalibin gefe. "Amma a gaban Innata? Ranar da ta fi kowace rana a wurinta?"



Ta mayar da tabarau. "Kwaso su yanzu ki sa a firizata kafin su mutu. Shinkafar Wurno ba ta yi mini laifi ba. Na'ura kuwa akwai layi, za ki bi bayan ɗalibaina."

Haka aka yi. Na kwaso samfurana a cikin kula irin ta masu sayar da zoɓo, na bi layi a bayan yaran da na koyar a aji ɗaya, suna ce mini "Dakta, ki wuce gaba," ina cewa a'a, don na san tana ji. Yawancin samfuran sun tsira, aka karanta su, maƙalar ta fito da sunan Luba a inda ya kamata tun farko. Dariyar baranda kuwa ta fi samfuran daɗewa kafin ta farfaɗo, kuma ko yanzu akwai ranakun da nake jin ba ta dawo duka ba.

Ba zan ce hassadar ta warke ba, don likita bai ba ni takardar sallama ba. Abin da na koya dai shi ne, malaman jami'a za ka iya rage mutum a gabansu cikin ladabi da manyan kalmomi, su gyaɗa kai a wuce, wasunsu ma su ji daɗi. Tsofaffin Goronyo ba su san wannan wasa ba. Idan ka ba su misali, ɗauka suke yi su auna ka da shi kai ma, a gaban mahaifiyarka, tuwonka yana hucewa.